Yadda dillalan talla suka raba jarida da masu karanta ta

Duk wanda ya saba buɗe shafukan manyan jaridu a wayarsa ya san akwatin nan da ke tare masa hanya tun kafin ya ga kanun labari. Akwai maɓalli babba mai launi na amincewa, sai wani ɗan ƙarami na ƙin amincewa da aka cusa a lungu. Yawancin mutane babban suke dannawa su wuce, tunda labari suka zo nema. A Jamus da Ostiriya da Birtaniya kuwa akwatin ya sauya salo: ko dai ka yarda a bi sawunka a intanet, ko ka riƙa biyan kuɗi duk wata. Abin tambaya shi ne, me ya kai jarida, wadda sana'arta tona asirin masu iko, ga tsayawa a bakin ƙofa tana cinikin sirrin masu karanta ta?

Tun fil azal jarida ba ta taɓa rayuwa da kuɗin kwafi kaɗai ba. Abin da mai karatu ke miƙa wa mai sayar da jarida da ƙyar yake biyan takarda da tawada da man motar rarrabawa. Talla ce ke biyan albashin ɗan rahoton da zai kwana a kotu ko a majalisa. Hajar da jarida ke sayar wa masu talla kuwa ita ce masu karanta ta. Mai sayar da motoci masu tsada da ke son maganarsa ta isa kunnen attajirai ba shi da wata hanya sai ta jaridar da attajirai ke karantawa, kuma farashin da ta yanka masa shi zai biya. Jarida ce kaɗai ke da ƙofar shiga wurin mutanenta. Wannan ƙofar ce intanet ta ɓalle, kuma jaridun da kansu suka taimaka wajen cire ƙusoshin.

Abin ya faro ne a 1994. A shekarar ce wani injiniya na kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro kukis, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a cikin burauzar mutum don ya gane shi idan ya dawo. Manufar ba ta da aibu: kada kantin intanet ya manta kayan da ka zaɓa kafin ka kai wurin biya. A watan Oktoba na wannan shekarar mujallar intanet ta HotWired ta manna tallar kamfanin AT&T a saman shafinta, tallar da ake lissafawa cikin na farko irinta. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka haɗa abubuwan biyu. Idan kamfani ɗaya ne ke kawo talla a shafuka dubu, to kukis ɗinsa zai gane mutum ɗaya a duk shafukan dubun, ya san ya karanta labarin ciwon suga da safe, ya duba farashin tikitin jirgi da rana, ya leƙa shafin neman rance da dare. Kamfanin DoubleClick ya yi suna a wannan sana'a, kuma a 2007 Google ya sanar da sayensa kan dala biliyan 3.1.

Kafofin sada zumunta sun shigo ta wata ƙofa mai kama da kyauta. A 2010 Facebook ya ba kowane shafi damar manna maɓallinsa na Like a ƙarƙashin labari. Masu jaridu suka yi rububi, domin duk wanda ya danna ya tallata labarin ga abokansa ba tare da an biya ko sisi ba. Abin da mai karatu bai sani ba shi ne, wannan ɗan yatsan ba a cikin shafin jaridar yake zaune ba. Duk lokacin da aka buɗe labarin, wayar mutum ce ke zuwa ta ɗauko shi daga kwamfutocin Facebook, kuma a wannan zuwan take faɗa musu adireshin labarin da aka buɗe, da irin wayar, da lambar intanet ɗin da ake amfani da ita, da kukis ɗin da ke nuna ko asusun wane ne. Ko ka danna ko ba ka danna ba, an riga an rubuta. Wanda ma bai taɓa buɗe asusu ba, wayarsa kan kai wannan rahoton.

Daga baya aka daina ma buƙatar maɓallin. A 2015 kamfanin Facebook, wanda daga baya ya koma amsa sunan Meta, ya fito da abin da yanzu ake kira Meta Pixel, wasu 'yan layukan umarnin kwamfuta da mai shafi ke dasawa, ido ba ya ganin su, suna aika wa kamfanin abin da baƙo ya duba da abin da ya danna. Google da TikTok da sauransu kowa yana da irin nasa. Don a ga inda abin ya kai: a 2022 kafar bincike ta The Markup ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na Amurka, ta tarar 33 daga ciki suna ɗauke da wannan na'urar leƙen, tana aika bayani ga Facebook a lokacin da mutum ke neman ranar ganin likita. Idan asibiti bai lura da abin da ya dasa a shafinsa ba, ina ga ƙaramar jarida da ta ɗauki wani matashi ya haɗa mata shafi a mako guda?

Inda kuɗin ke juyawa shi ne gwanjo, kuma ya cancanci a dube shi da kyau. Ka danna labari. Kafin rubutun ya gama bayyana, shafin ya aika sanarwa zuwa kasuwar talla cewa ga fili a saman labari kaza, mai kallonsa yana gari kaza, da waya iri kaza, ga lambar da aka san shi da ita. Sanarwar takan isa ga kamfanoni da dama, wani lokaci ɗaruruwa. Kowanne ya duba kundinsa ya ga me ya sani game da mai wannan lamba, ya yi tayi. Wanda ya fi tsada ya ci, tallarsa ta bayyana. Duka wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ɗaya ne ke cin gwanjon, amma duk waɗanda suka halarta sun tafi da bayanin, kuma babu mai bin su ya ga inda suka kai shi. Wata ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ƙasar Ayalan, ICCL, ta ƙiyasta a 2022 cewa a kowace rana akan watsa bayanin mutum ɗaya a irin wannan gwanjo sau 747 a Amurka, sau 376 a Turai.

A nan ne jarida ta yi asarar da ba ta farfaɗo daga gare ta ba. Mai tallar motar nan da a da dole ya biya farashin babbar jarida, yanzu ya san lambar mai karanta ta. Sai ya ƙyale shi ya gama karatunsa, ya jira shi a shafin sakamakon ƙwallo ko a cikin wata manhajar wasa, inda fili ke araha, ya nuna masa tallar a can. Mutumin dai shi ne, aljihunsa bai canja ba, amma jaridar da ta kashe kuɗi ta tara irinsa ba ta ga komai ba. Darajar ta tashi daga kan shafin ta koma kan bayanin mutum, bayanin kuma yana hannun wanda ya fi kowa yawan idanu a intanet.

A kasuwar shanu ta Wudil ko Maigatari kowa ya san dillali, kowa ya san la'adarsa, kuma mai saniya yana tsaye ake ciniki. A kasuwar tallar intanet, Google ne ke riƙe da manhajar da yawancin jaridu ke sayar da filinsu da ita, shi ke da babbar kasuwar da ake gwanjon, shi ne kuma ke da kayan aikin da masu talla da yawa ke saye da su. Dillalin mai saye, dillalin mai sayarwa, kuma sarkin kasuwa. A watan Afrilun 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a jihar Bajiniya, Leonie Brinkema, ta yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a biyu daga cikin waɗannan sassa. Tun kafin nan, a 2020, ƙungiyar masu ba da talla ta Birtaniya, ISBA, ta sa kamfanin PwC ya bi diddigin kuɗin mambobinta. Aka gano kashi 51 cikin 100 ne kacal ke isa ga masu shafukan. Kashi 15 kuwa masu binciken sun kasa gano aljihun da ya shiga.

Alƙaluman Amurka sun nuna girman ramin. Kuɗin tallar jaridun ƙasar ya kai kusan dala biliyan 49 a 2006, amma zuwa 2022 bai kai biliyan 10 ba. Adalci ne a ce ba bin sawu kaɗai ya jawo wannan ba, domin ƙananan tallace-tallace na gidan haya da neman ma'aikata sun riga sun gudu zuwa shafuka irin su Craigslist. Sai dai kuɗin talla a duniya bai ragu ba, wurin zama ya sauya. Meta kaɗai ya samu sama da dala biliyan 160 a 2024, kusan duka daga talla.

Masu kare tsarin sukan ce in ba don bin sawu ba da jaridun kyauta sun mutu. Hujjar tana da rauni fiye da yadda ake zato. Wani bincike da malaman jami'a uku a Amurka suka fitar a 2019, cikinsu har da Alessandro Acquisti, ya duba cinikin wani babban kamfanin yaɗa labarai, ya tarar tallar da ke tafe da kukis ta fi wadda ba ta da shi kawo kuɗi da kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai. Google ya fitar da nasa a shekarar, yana cewa kuɗin shafuka kan faɗi da kusan rabi idan aka cire kukis. A ganina duka biyun na iya zama gaskiya: a kasuwar da kowa ke bin sawu, wanda ya daina shi kaɗai zai sha wuya, amma wannan bai nuna cewa tsarin ya amfani jaridu a dunƙule ba. Kafar yaɗa labaran gwamnatin Holan, NPO, ta gwada dainawa a farkon 2020. Ta koma sayar da talla bisa abin da shafin ke magana a kai, tallar tafiye-tafiye kusa da shirin tafiye-tafiye, kuma kuɗin da take samu ya ƙaru, musamman don babu dillalan da za su yanki rabonsu. Ita babba ce a ƙasarta, masu talla ba su da yadda za su kauce mata. Ƙaramin shafi ba lallai ya samu wannan sa'ar ba.

Doka ta zo a makare, kuma da ta zo takarda ta fi yawa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki a watan Mayun 2018, ita ce ta cika intanet da akwatunan neman amincewa. A 2019 babbar kotun Tarayyar ta yanke, a shari'ar wani kantin tufafi na Jamus mai suna Fashion ID, cewa duk mai shafin da ya manna maɓallin Like yana da hannu a alhakin bayanan da ake kwasa. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook, saboda dannawa ɗaya ta isa a amince, ƙin amincewa kuwa sai an sha zagaye. Amma bugun da ya fi yi wa Meta zafi daga abokin hamayya ya fito. A 2021 Apple ya tilasta wa kowace manhaja a iPhone ta nemi izini kafin ta bi sawun mutum, jama'a da yawa suka ce a'a, Meta da bakinsa ya ce abin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Google kuwa ya yi alƙawari a 2020 cewa zai kawar da kukis ɗin 'yan bin sawu daga burauzarsa ta Chrome cikin shekara biyu. Ya ɗage, ya sake ɗagewa, a 2024 ya janye maganar.

Da talla ta gaza, sai jaridu suka juyo kan mai karatu. New York Times ta kafa shingen biyan kuɗi a 2011, ana ta yi mata dariya, amma zuwa 2023 masu biyanta sun haura miliyan 10. Ana yawan kafa hujja da ita, ana mantawa cewa ita ce ta kwashe kasuwar, jaridun ƙananan garuruwan Amurka kuwa suna ta rufewa. Rahoton cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford na 2024 ya nuna cewa a ƙasashe 20 masu arziki, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka biya kuɗin labarai a intanet, Nowe ce kan gaba da kashi 40. Kuma biyan kuɗin karatu ba ya nufin an daina bin sawunka. A shafuka da yawa mai biya yana biya, na'urorin leƙen suna nan daram.

Daga nan aka haifi tsarin "amince ko ka biya". Jaridar Der Standard ta Ostiriya na cikin waɗanda suka fara shi a 2018, jaridun Jamus suka bi, na Birtaniya irin su The Sun da Daily Mail suka shiga a 2024. Meta ma ya ɗauka a ƙarshen 2023, ya ce wa Turawa su biya yuro 9.99 a wata in ba sa son talla, abin da ya jawo masa tarar yuro miliyan 200 daga Hukumar Tarayyar Turai a Afrilun 2025. Ina fahimtar jaridar da ke neman abin biyan albashi. Amma amincewar da aka karɓa daga wanda ba shi da kuɗin ƙi, sunanta kawai amincewa. Sakamakon shi ne mai hali ya sayi sirrinsa, talaka ya biya da nasa.

Wasu gwamnatoci sun gwada matsa wa kamfanonin su biya jaridu kai tsaye. Ostireliya ta yi doka a 2021, Facebook ya toshe labarai a ƙasar na 'yan kwanaki, aka sasanta, aka ƙulla yarjejeniyoyi, sannan a 2024 Meta ya ce ba zai sabunta ba. Kanada ta yi tata a 2023. Google ya yarda zai riƙa ba da dalar Kanada miliyan 100 a shekara, Meta kuwa ya toshe labarai gaba ɗaya, har a lokacin da gobarar daji ta sa aka kwashe mutanen garin Yellowknife. Hujjarsa ita ce labarai ba su kai kashi 3 cikin 100 na abin da mutane ke gani a Facebook ba. Ma'ana, jarida ce ke buƙatarsa.

Ga mai karanta labarai da Hausa, lissafin ya fi muni, kuma dalilin yana cikin rahoton Meta kansa. A wata uku na ƙarshen 2023, kowane mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada ya kawo wa kamfanin kusan dala 68. A rukunin da Afirka ke ciki, dala 4 da rabi. Haka gwanjon yake a ko'ina: ana sayen ido ne gwargwadon aljihun mai shi. Saboda haka matashin da ke karanta labari a Gusau ko Maraɗi ana bin sawunsa kamar yadda ake bin na mutumin Landan, amma abin da kallonsa ke kawo wa shafin bai taka kara ya karya ba. Shi ne kuma ke biyan kuɗin datar da ake loda tallar da na'urorin leƙen, datar da ta ƙara tsada a Najeriya bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mai shafin da ke son cike giɓin ba shi da dabara sai yawa: ƙarin talla a kowane saƙo na shafin, da kanun labarai irin na "abin da ya faru zai ba ku mamaki", da rabuwar auren 'yan fim a sama da rahoton kasafin kuɗin jiha. Ba lalacewar tarbiyya ce kawai ba, farashin gwanjo ne ke tsara teburin edita.

Ga kuma tarihin da ya saba mana da labarin kyauta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 sayenta ake yi a zamaninta, amma hukuma ce ke bayanta. Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Jamus da Amurka da Faransa, duk sun shigo gidajenmu ba tare da an nemi ko kwabo ba, domin wasu ƙasashe ne ke biya saboda dalilansu. An ga haɗarin hakan a watan Maris na 2025, lokacin da umarni ɗaya daga fadar White House ya sa Muryar Amurka ta yi tsit. A cikin gida kuwa, inda talla ba ta biya, mai karatu bai biya ba, wanda ke cike gurbin sananne ne: shafukan taya gwamna murnar cika shekara, da ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Wanda ya ci ladan kuturu, an san sauran.

Najeriya ta fara motsi ta fuskar doka. An sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar, hukuncin da kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Da labari ya fito cewa kamfanin ya ce zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya, waɗanda hankalinsu ya fi tashi har da masu kafofin labarai, domin da yawansu ba su da wani gida sai can. Tarar kuma, ko an biya, baitulmali za ta shiga, ba ɗakin labarai ba.

Hanyoyin da suka rage ba su da ƙyalli. Akwai tsarin Daily Maverick ta Afirka ta Kudu, wadda tun 2018 ta bar labaranta a buɗe ga kowa, ta roƙi masu hali su riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata. Yanzu da tura naira 500 ta waya ya zama ruwan dare, wannan ba mafarki ba ne, ko da yake sai kafar ta yi aikin da mutum zai ji zafin rasa shi. Akwai kuma komawa ga sayar da talla hannu da hannu: mai sayar da taki a Dawanau ya fi buƙatar tallarsa ta fito kusa da rahoton farashin masara da damina a kan a bi masa sawun wani a shafin ƙwallo, kuma duk abin da ya biya na jaridar ne. Wannan yana buƙatar ma'aikacin da zai taka ƙafa ya shiga kasuwa, da kuma sanin su wane ne masu karatun.

Wannan sanin ne har yanzu kafofinmu ke bayarwa kyauta. Da Facebook ya rage tura mutane zuwa shafukan labarai, musamman tun sauyin da ya yi a Janairun 2018 na fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai, da yawa sun koma TikTok, daga baya kuma tashoshin WhatsApp, suna murnar tara mabiya dubbai. Mai tashar WhatsApp ba shi da jerin lambobin mabiyansa, ba zai iya ɗaukar su ya kai wani wuri ba. A Yunin 2025 kuma Meta, mai WhatsApp ɗin, ya sanar cewa zai fara saka talla a sashen da Status da tashoshin suke.